Waƙar Kaka, Karin Baƙo

Ranar da muka shiga yajin aiki, tun kafin ƙarfe takwas an garƙame ƙofar ma'aikatarmu da kwaɗo, an soka ɗanyen reshen darbejiya a jikin ƙyauren. Wata uku ke nan muna jiran ƙarin da aka yi mana alkawari. Jama'a sun yi cirko-cirko, wasu a kan babur, wasu a gindin bishiya suna ɓarar gyaɗa, har shugaban ƙungiya ya hau benci, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, ya ja waƙar nan ta 'yan ƙwadago, Solidarity Forever. Nan take wuri ya ɗauka. Kusa da ni akwai wani dattijo, masinjan ofishinmu, wanda Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma muryarsa ta danne ta kowa. Kalmomin sun narke a bakinsa sun koma wani yare da ba na kowa ba. Karin kuwa ko gaɓa ɗaya bai kuskure ba.

Da aka lafa na ce masa, "Baba, ashe kai ma ka iya ta?"

Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, "Haba Malam! Tun kana goye muke yin ta. Ai tamu ce, ta ma'aikata."

Ban ja da shi ba, don bai yi ƙarya ba. Sai dai waƙar ta sha hannu kafin ta iso bakinsa. Wanda ya tsara baitocinta, Ralph Chaplin, ya kammala su a birnin Chicago a watan Janairun 1915, bayan ya ga uƙubar da masu haƙar kwal suka sha a wani yajin aiki a jihar West Virginia. Karin kuwa shi ma tarar da shi ya yi. Da shi sojojin arewacin Amurka suka yi maci a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, suna ambaton John Brown, Baturen da aka rataye a Disambar 1859 saboda ya ɗauki makami don ya 'yanta bayi. Su ma sojojin tsintar sa suka yi a tarukan wa'azin da Kiristoci, baƙar fata da farar fata, suke yi a fili tun farkon ƙarni na 19. Yau in kana kallon ƙwallo za ka ji shi a bakin magoya bayan Manchester United da na Tottenham. A Tokyo kuma wani katafaren kantin kayan lantarki, Yodobashi Camera, da shi yake talla.

Gyaɗar da ake ɓara a gindin bishiyar nan ma tarihinsu ɗaya. Daga Kudancin Amurka jiragen Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma bayan shekarar 1500, ita da masara da rogo da barkono. Je ka gaya wa mai tsire cewa ƙuli-ƙuli da barkonon da ke cikin yajinsa baƙi ne, ka ga kallon da zai yi maka. Kano ta yi dalar gyaɗa har ta zama tambarinta. Ba wanda ya kira taro ya ba gyaɗa takardar zama 'yar ƙasa. An shuka ta, ta yi, an soya, an matse mai, yara suka tashi suka tarar da ita a ɗakin uwa, magana ta ƙare.

Waƙa kaya biyu ce a ƙunshi ɗaya: kalmomi da kari. Kalmomi sai da tafinta, shi ya sa su ake saukewa a bakin tasha. Kari kuwa ko fito ya ishe shi abin hawa. Bahaushe ya daɗe da sanin haka. 'Yan kama sukan ɗauki karin waƙar wa'azi su cika shi da tuwo da miya, jama'a na ƙyaƙyata dariya don sun gane inda aka aro. Malam Aliyu Namangi akasin haka ya yi: karin makaɗan caji ya ɗauka ya ɗora Imfiraji a kai, kuma yau da wuya ka samu wanda caji zai faɗo masa a rai in ya ji makaho na rera ta a ƙofar gida. Abin da ya faru da tsofaffin waƙoƙin Amurka ke nan, sai dai su teku suka ƙetare, kuma abin hawansu na farko ba abin alfahari ba ne.

A watan Fabrairun 1843 wasu Turawa huɗu suka hau dandamali a New York. Sun shafe fuskokinsu da baƙin ƙonanniyar toshiyar kwalba, sun zana manyan leɓɓa, suna kwaikwayon magana da rawar bayi baƙar fata don a yi dariya. Ɗaya na riƙe da goge, ɗaya da banjo, ɗaya da bandiri mai ƙaraurawa, na huɗun da ƙasusuwa yana kaɗawa a tsakanin yatsu. Suka kira kansu Virginia Minstrels. Kamanci ne, amma ba irin na 'yan kamanmu ba, masu tsokanar malami da basarake. Wannan mai bulala ne ke yi wa ɗaurarre dariya, a zamanin da ake cinikin mutum a kasuwannin kudancin ƙasar. Kafin su ma wani Thomas Rice ya riga ya kai irin wasan Landan a 1836, yana fitowa a matsayin wani gurgun bawa mai suna Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na Amurka.

Wata uku da fara wasansu sai ga Virginia Minstrels a Liverpool. A 1844 uku daga cikinsu suka haɗu da Joel Sweeney, wani makaɗin banjo daga Virginia wanda a hannun baƙar fata ya koyi kiɗan, suka zagaya Dublin da Cork da Belfast da Glasgow. Daga nan ƙofa ta buɗe, ƙungiya na bin ƙungiya. Ingila ta kamu da abin har gidan talabijin na BBC ya yi ta nuna irinsa daga 1958 zuwa 1978. Abin bai tsaya a birane ba. Ɗan ƙauyen da ya je birni ya kalli wasa yakan koma gida yana fito, makaɗin ƙauye ya ji ya ɗauka. A ƙarshen 1899 wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya gamu da masu rawar gargajiya ta Morris a Headington, kusa da Oxford, maza sanye da fararen kaya da ƙaraurawa a ƙwauri. Abin ya shiga ransa, ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana bin ƙauyuka yana rubuta abin da ya ɗauka tsohuwar Ingila ce tsantsa. Cikin raye-rayen Headington ɗin akwai wadda ake kira Getting Upstairs, kuma karinta na masu shafa baƙi ne na Amurka, tun na shekarun 1830.

Shi kansa banjon fa? Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi zai gane ɗan'uwansa in ya ga hoton banjo na farko: duma da aka fafe, an ɗaure fata a bakinsa, an soka sanda ta ratsa shi, an ja tsirkiya a kai. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya gan shi a hannun bayi a tsibirin Jamaika wajen 1688, ya kuma sa zanensa a littafin da ya buga a 1707. Thomas Jefferson, ɗan siyasar Amurka wanda shi ma mai bayi ne, ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Wanda ya fi kama da shi wajen salon kaɗawa shi ne akontin na mutanen Jola na Senegal da Gambiya, gurminmu kuwa dangi ne a wajen ƙira. Masana'antu suka cire duman suka sa zoben katako da ƙarfe, aka ƙirƙiro mai tsirkiya huɗu, har Barney McKenna na ƙungiyar Dubliners ya zaunar da shi daram a kiɗan ƙasar Ailan tun daga 1962. Baƙon da ya shiga gidan kiɗa a Dublin yau zai rantse banjo a can aka yanke masa cibiya, alhali jikan duma ne.

Wanda ya fi kowa cika jakar masu shafa baƙin nan da waƙoƙi shi ne Stephen Foster, mutumin Pittsburgh. An buga Oh! Susanna a 1848, shekara na zagayowa tana bakin masu tururuwa zuwa California neman zinariya. A 1850 ya fitar da Camptown Races, ma'aikatan jiragen ruwa suka cafe. Aikin jirgin filafilai aikin gayya ne: in za a ɗago anga sai mutane da yawa sun tura ƙarfe a lokaci ɗaya, saboda haka ana bukatar mai ja da masu amshi, kamar dai matan da ke daɓe. Suka zubar da labarin sukuwar dawaki da ke cikin waƙar, suka sa na kogin Sacramento da zinariyarsa. Jirgi kuwa ba ya tambayar ƙabila, kowane yare akwai a cikinsa. Ma'aikatan jiragen Jamus suka sa mata baitoci da Jamusancin bakin teku, har yau ƙungiyoyin mawaƙan arewacin Jamus na rera ta a matsayin gadon kakanninsu. A Maris ɗin 1854, da Kwamanda Perry na Amurka ya shirya wa wakilan gwamnatin Japan liyafa a jirgin yaƙinsa kwanaki kaɗan kafin su sa hannu a yarjejeniyar buɗe masa tashoshinsu, abin da ya nishaɗantar da su da shi ke nan: ma'aikatan jirginsa sun shafa baƙi suna kaɗa banjo. Foster kuwa ya mutu a New York a Janairun 1864, yana da shekara 37, da santi 38 a aljihunsa.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan waƙoƙi suka yi saurin kama ƙasa. Gajeru ne, layi ɗaya na maimaita kansa, amshi na dawowa kafin ka manta shi, kuma da yawansu a kan matakan murya biyar suke tafiya. Matakan nan biyar su ne ginshiƙin tsohon kiɗan Sikotlan da na Sin da na Japan, da mafi yawan namu. Kunnen mutanen bai ji su a matsayin baƙi sosai ba. Kamar iri ne ya faɗa ƙasar da ta yi kama da tasa.

Yaƙin basasar Amurka ya ƙaro wasu, kuma a kansu ne na fi tsayawa ina mamaki. Wani kamfanin buga waƙoƙi a Chicago, Root & Cady, ya fitar da guda biyu a jere. A 1864 George Root ya yi ta sojan arewa da ke tsare a kurkukun 'yan kudu yana sauraron takun masu zuwa ceto. A 1865 Henry Clay Work ya yi Marching Through Georgia, kan yadda rundunar Janar Sherman ta ratsa daga Atlanta zuwa Savannah tana ƙone-ƙone. Shi Sherman ɗin har ya tsani waƙar, don duk garin da ya sauka da ita 'yan badujala ke tarbar sa.

To, a Nuwambar 1867 gwamnatin Ingila ta rataye wasu 'yan Ailan uku a Manchester, bisa kisan wani ɗan sanda lokacin da aka fasa motar fursuna aka kuɓutar da shugabanninsu biyu. Kafin shekara ta ƙare wani ɗan jarida, T. D. Sullivan, ya yi musu waƙa mai suna God Save Ireland. Yana so a fara rera ta nan take ba sai an koya ba, sai ya ɗora ta a kan karin Root, wanda ya riga ya cika ƙasar. Kusan shekara hamsin ita ce tamkar taken masu neman 'yancin Ailan. Karin Work kuma ya faɗa hannun wasu 'yan daban Furotesta a Glasgow a shekarun 1920, suka cika shi da zagin Katolika, magoya bayan kulob ɗin Rangers suka gada, har hukumar UEFA ta sa a hana a 2006. Ka ga ke nan a gari ɗaya, a filin ƙwallo ɗaya, 'yan kulob ɗin Celtic a nan da waƙar Sullivan, 'yan Rangers a can da tasu, kowa na ji da waƙar kakanninsa, jijiyar wuya ta tashi, alhali daga shago ɗaya aka sayo karin duka biyun. Shagon ma gobarar Chicago ta 1871 ta cinye shi. A gabas ma haka ta faru: wajen 1918 mawaƙan titi a Tokyo suka mai da karin Work waƙar barkwanci, su kuma 'yan Koriya masu yaƙi da mulkin Japan suka mai da shi waƙar sojojinsu.

Na Afirka ta Kudu ya fi ban dariya. Tambayi duk wani Ba'afirkane, jikan Turawan Bowa, waƙar da ta fi kowace zama tasu, Sarie Marais na cikin na farkon da zai ambata. Ta yi tashe a yaƙinsu da Ingila na 1899 zuwa 1902, waƙar soja ce mai kewar masoyiyarsa da gonakin Transvaal, yana fargabar kada Ingilishi su kama shi su ƙetarar da shi teku, kamar yadda suka kai dubbai tsibirin St Helena da Silon. Karin na wata waƙar Amurka ce ta 1865, Ellie Rhee, ta Septimus Winner, mai kewar Tennessee. An cire Tennessee an sa Transvaal. Fim mai magana na farko da harshen Afirkans, a 1931, sunanta ya ci, haka ma wata mujallar mata da aka kafa a 1949. A 1953 kuma sojojin kundumbalar ruwa na Ingila, jikokin waɗanda ake gudu a cikin waƙar, suka ɗauke ta ta zama kiɗan faretinsu.

Na lura da wani abu a nan. Kari ba shi da jam'iyya, duk wanda ya ɗauke shi nasa ne. Amma yana da hali, kuma halin ba ya sauyawa da sauƙi. Na maci ya zauna na maci, ko a hannun wa. Na kewa ya zauna na kewa. Misalin da ya fi nuna haka shi ne na wani likita a Boston, John Ordway, wanda shi ma yana da tasa ƙungiyar masu shafa baƙi. A tsakiyar ƙarni na 19 ya yi wata waƙa ta mai mafarkin gida da mahaifiyarsa. A 1907 wani malamin makaranta a Japan, Inudo Kyukei, ya sa mata kalmomin Japananci na matafiyin da dare ya yi masa a baƙon wuri yana tuna iyayensa, aka sa ta a littafin waƙoƙin makarantu. Wani ɗalibi daga ƙasar Sin, Li Shutong, ya ji ta a lokacin da yake karatu a Tokyo. Da ya koma gida, wajen 1915, ya rubuta mata baitoci irin na tsofaffin mawaƙan Sin, kan raka aboki zuwa bayan gari a rabu. Shekara uku bayan haka ya bar duniya da abin da ke cikinta ya shiga zuhudun addinin Buda. Waƙar, Songbie, ta zama ta yaye ɗalibai da ta bankwana a faɗin ƙasar. A Fabrairun 2022, a bikin rufe wasannin Olamfik na hunturu a Beijing, wasannin da gwamnatin Amurka ta ƙi tura jami'anta, da karin likitan Boston aka sallami baƙi. A Amurkan kuwa da ƙyar za ka samu wanda ya san ta.

Yaya baƙo ke rikiɗa haka har a rasa gane shi? Dubi labarin Kitty O'Neil. Mai rawa ce a gidajen wasan New York a shekarun 1870 da 1880. Akan barbaɗa yashi a kan dandamali, ta riƙa jan ƙafa tana murza shi, sautin yashin ya zama kamar wani kayan kiɗa. Kiɗan rawar tata, mai tsalle-tsalle irin na banjo, ya shiga wani kundi da aka buga a Boston a 1883, mai ɗauke da kiɗa 1,050, daga can ya shiga littattafan Kerr na Glasgow, waɗanda masu goge a Sikotlan da arewacin Ailan ke saye da arha. Ta mutu a 1893 aka manta da ita. Bayan kusan shekara tamanin wani gwanin goge daga Donegal, Tommy Peoples, ya fito da kiɗan, ya yi masa irin kwalliyar yankinsu, ƙananan karkarwa da yatsu da tsinken goge mai tsalle. A hanya sunan ya goce ya koma Kitty O'Shea, sunan matar da soyayyarta ta kayar da jagoran siyasar Ailan, Parnell, a 1890. Sunan da kowa ya sani ya kori wanda ba a sani ba. Da wannan suna matasa da yawa suka koye shi, suna jin tsohon kayan gida ne.

Matakan ke nan, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutane su zuba nasu baƙin cikin ko nasu barkwancin a ciki. Hannun makaɗin gida ya lanƙwasa shi zuwa yadda ya saba. Suna ya canza. Sai mantuwa ta zo ta buga hatimi: yaron da ya ji abu a bakin kakarsa ba ya tambayar inda ta samo. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne in za a mayar. Wanda aka aro aka yanka, aka ɗinka daidai jiki, aka sa har ya koɗe, aka bar wa ɗa, wannan ya rufe har ya yi saura. Shi ya sa nake jin nauyin masu rantsuwa da "gargajiya tsantsa", ko a Ingila ko a nan. Abin da muke kira gargajiya, sau da yawa baƙo ne da ya daɗe har aka daina yi masa shimfiɗa.

Amma kada wannan ya zama mafakar ɓarawo. Talaka ya ji kari ya ɗauka ya yi kukansa da shi daban, kamfani mai lauyoyi ya ɗauka ya sa sunansa ya karɓi kuɗi daban. Baƙar fatar da aka kwaikwayi kiɗansu da rawarsu aka zagaya duniya da su, ko sisi ba su gani ba, sai ma izgili. A Cape Town dai jikokin bayi sun rama ta wata hanya. Masu shafa baƙi sun je can a 1862, sannan a 1890 Orpheus McAdoo ya iso da ƙungiyarsa ta mawaƙa baƙar fata na gaske, suka yi shekaru suna zagaya ƙasar. Mutanen unguwannin talakawa, da yawansu Musulmi, suka karɓi banjo da laima da riguna masu ƙyalli suka haɗa da gangarsu mai suna ghoema, suka mai da abin bikinsu na ranar 2 ga Janairu, ranar da a da ake ba bayi hutu. Har yau dubbai na fitowa, fuska a shafe da launuka masu walƙiya, ba mai yi wa kowa dariya sai dai a yi tare. Salon McAdoo ya kuma shiga cikin waƙar maza 'yan ci-rani na Zulu, wadda daga cikinta Solomon Linda ya fito ya ɗauki Mbube a faifai a Johannesburg a 1939. Ita kuma sai ta bi hanyar a juye: ta je Amurka, ta zama The Lion Sleeps Tonight a 1961, ta shiga fim ɗin The Lion King, ta tara miliyoyi. Linda ya mutu a 1962 da talaucinsa, sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa bayan an je kotu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wannan da na zayyana, an san shi ne saboda wani ya rubuta ko ya ɗauka, ya kuma sa kwanan wata. Ba don takardar 1865 ba da ba mai iya nuna uban Sarie Marais. A 1950 wani mai tattara kiɗan Afirka, Hugh Tracey, ya kai na'urarsa wajen mutanen Kipsigis a ƙasar Kenya, ya ɗauki 'yan mata suna rera wata waƙa da molonsu na gida, suna kiran wani Chemirocha, wata halitta rabi mutum rabi barewa, ya zo a yi rawa. Chemirocha ɗin nan Jimmie Rodgers ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Mississippi, wanda ya mutu a 1933, wanda fayafayan garmahonsa suka isa can a zamanin Turawa. Shekara goma sha bakwai kacal da mutuwarsa har ya fara zama aljani. Da Tracey ya makara da ƙarni ɗaya, da sai dai a ce masa wani iskan kakanni ne.

Mu kuwa injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe ta daɓe, gaɗa na neman bin su. Mai karatu, in kana da tsohuwa a gida wadda har yanzu takan yi 'yan waƙe-waƙenta in tana tsince shinkafa, wayar da ke hannunka ta fi na'urar Tracey kyau nesa ba kusa ba. Ɗauke ta yau, ka rubuta ranar, kuma kada ka tashi sai ka tambaye ta a bakin wa ta ji, a wane gari, tana 'yar shekara nawa.